Na Je Garin Inibi, Taubashina Ya Ce Min Malam

Zuwa ga ɗan Gwaggona, taubashina, mazaunin bakin kogi a ƙasar Faransa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, ina fata wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da sanyi, ina gaishe ka da zaman baƙunta. Idan ka tambayi labarinmu, mu nan Dubai sai godiyar Allah. Zafi ya fara sauka, kasuwa tana motsi kaɗan-kaɗan, ƙafar Alhaji maigidan shagonmu da sauƙi.

Na san ka karanta wannan gaisuwar ka koma sama ka sake duba sunan mai shafin. Ni ne dai, Sabi'u. Tun da muka yi wayo ban taɓa yi maka gaisuwar mutunci ba, kai ma ba ka taɓa yi min ba. Taubasai ba haka suke gaisawa ba. Ni ɗan namiji, kai ɗan mace, gaisuwarmu kullum ita ce musun wa ya sayi wani, kuma a wace kasuwa. Amma kai ka fara canza salo, ni kuwa ka san ina da saurin ɗauka.

A nan shafina na sada zumunta na rubuto, inda kowa ke gani, saboda saƙonnina na waya sun daina samun amsa. Sai dai na lura duk abin da na ɗora a shafin nan, sunanka yana cikin masu leƙowa. To ga wani, ka leƙa. Mutanen da suka saba zuwa don su ga na ɗaure wa ɗan kago mai aika kaya igiyar takalmi a ƙafar kujera, ko na kira wani ɗan kasuwa da muryar Balarabe na ce kwantenarsa ta wuce Legas ta nufi Brazil, yau su yi haƙuri da ni. Ba zan faɗi sunanka ba, ba zan faɗi sunan garin ba. Kai dai ka san kanka.

Ka tuna lokacin da Gwaggo take kawo ka Kano hutu daga Maraɗi? Kai ka yi lakwal, bokonku na Nijar, ni allo kaɗai na riƙa. Kana zuwa da ɗan wandonka mai guga, kana ce wa mutane bonjur, ni kuma ina bin ka a baya ina gaya wa 'yan unguwa ga bawan da babana ya sayo a Jibiya, bai iya magana ba tukuna. Ka taɓa zuba min ƙaiƙayi a riga ranar da zan yi hadda gaban malam. Na yi karatun ina rawa kamar mai bori, malam ya zane ni, kai kuma kana laɓe bayan ƙofa kana kuka don dariya. Da yamma Gwaggo ta zaunar da mu a kwano ɗaya, ta ce, "Ku ci, 'yan banza. Wasan da ba a ci tuwo a bayansa ba, faɗa ne."

Ita ce ƙa'idar da muka tashi a kanta. Wanda ya ɗaure shi yake kwancewa. Ka wahalar da ni iya son ranka, amma kafin rana ta faɗi sai ka zo ka yi dariyar a gabana, in zage ka, mu ci abinci.

Ranar da ka fara sauka Dubai ba ka manta ba, na tabbata. Na ari farar kandura, doguwar rigar Larabawa, da rawani da baƙin tabarau, na tsaya nesa kaɗan a filin jirgi ina kallon ka kana ta waige-waige da 'yar jakarka. Da ka gane tafiyata ka rugo kana kiran sunana, na ɗaga maka hannu na ce, "Shwaiya, shwaiya, habibi," na ci gaba da zuba Larabcin da ni kaina ban san ma'anarsa ba. Ka ce Sabi'u don Allah ka bari. Na juya na yi tafiyata. Sai da na ga leɓenka ya fara rawa sannan na cire tabarau. Ka shaƙe ni har wani ɗan sanda ya matso. A cikin jirgin metiro ka nuna ni da yatsa ka ce, "Wallahi sai na rama, ko da a wace ƙasa ce."

Ka riƙe wannan maganar a ranka, don ita ce ta ci ni.

Mun yi zaman unguwar Al Nahda a ɗaki ɗaya da mutum shida, kai a gadon sama, ni a ƙasa, ƙafarka kullum a saitin hancina. Da safe mu tafi kasuwar Al Ras, ni ina ɗaure kwalayen turare a shagon Alhaji, kai kana yi wa mutanen Nijar da Mali tafinta a kasuwar kayan ƙamshi. In an tashi mu sayi shayin karak mu hau abra, kwalekwalen haya, mu haye ƙetare mu dawo, ba don muna da wurin zuwa ba, don dai iskar ruwa. A can ka haɗu da wani Bafaranshe da ya ce gonarsu tana neman hannu lokacin tsinkar inibi. Ka tafi da niyyar kaka ɗaya. Kaka ta wuce, wata ta zo, ka ce sun riƙe ka. Na yi murna. Na yi ta gaya wa mutane bawana ya samu sabon ubangida, amma ban sayar ba, aro na bayar.

Da Alhaji ya ce zai je Paris ganin masu haɗa masa ruwan turare, kuma gwiwarsa ba za ta bar shi ya ja akwati ba, sai ya dube ni ya ce in kawo fasfo. Ya ce gara ya tafi da mahaukacin da zai sa shi dariya da ya tafi da mai hankalin da zai yi ta masa lissafi. Ban yarda ba sai da na ga biza da idona. Kafin in gaya wa kowa, Gwaggo na kira.

Ta yi guɗa a waya. Cikin 'yan kwanaki ta haɗo ƙunshi ta hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa daga Kano: daddawa, kuka, yajin da take daka maka da citta mai yawa, da hula sabuwa wadda ta sa aka ɗinka. Ta ce, "Ka kalle min shi da idonka, waya ba ta nuna rama." Na roƙe ta kada ta gaya maka ina tafe. Ta ce mu dai ba za mu girma ba.

Wani hotonka ne ya nuna min hanya, wanda ka tsaya a bakin wata ƙofar ƙarfe da rubutu a samanta. Wani ɗan Damagaram da muke ɗaure kaya tare ya karanta min, ya nemo garin a taswirar waya, ya nuna min jirgin ƙasan da zan hau da inda zan sauka. Da muka gama abin da ya kai mu Paris na roƙi Alhaji yini ɗaya. Ya ce yalla, je ka, amma in na ɓata kada in ce na san shi.

Na sa shaddata ruwan toka da ka sani, na rataya jakar Gwaggo. A cikin jirgin ban zauna daidai ba, ina ta shirya abin da zan yi maka. Na ce ko in zo a matsayin attajirin Dubai mai son sayen gonar gaba ɗaya da ma'aikatanta. Na ce ko in tsaya a bayanka kawai in yi kiran da Gwaggo take yi maka in ka yi laifi. Wata tsohuwa da ke kujerar gabana ta yi ta waigowa, don ni kaɗai nake ƙyalƙyala dariya.

Zan faɗi gaskiya, garinku yana da kyau. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Tun daga taga na fara hango gonakin, layi-layi sun hau tudu sun gangaro, itatuwan gajeru kamar auduga, an ɗaure su a waya, kowanne ya sunkuya da nonnan inibi baƙi ƙirin. Kogin kuwa faɗi gare shi, yana tafiya a hankali kamar basaraken da ba ya sauri don kowa. Ga gadar dutse mai baka-baka, ga gidaje farare masu baƙin rufi, ga furanni a kowace taga. Titi tsit. Wanda ya saba da Al Ras, inda mai kura ke ihu, mai hon ke ihu, ɗan Pakistan da ɗan Kano suna ciniki kowa da yarensa, sai ya ɗauka rasuwa aka yi a garin. Na tsaya a kan gadar na ce, lallai ɗan banzan nan ya iya zaɓen wuri.

Ƙamshin da ke yawo a iska ne ya fara ba ni labari. Wani tsami-tsami, zaƙi-zaƙi, kamar kunun da ya kwana. Na wuce wata tarakta da ta ɗebo inibi har yana ɗiga a titi. Na ga ganguna na katako a ƙofar gidaje, na ga kwalabe jere a tagogin shaguna. Ni ba yaro ba ne. Na gane ba zabibi ake shanyawa a garin nan ba.

Ka ji da kyau, don nan ne nake tsoron za ka yi min gurguwar fahimta. Abin bai yi min daɗi ba. Abin da malam ya karantar a kan giya na san shi, kai ma ka sani, don ko da kake ɗan lakwal, da hutu tabarma ɗaya muke zama. Amma na ce wannan magana ce ta zama, ni da kai, bayan mun ci mun sha ruwa. Ba wa'azi na ɗauko daga Dubai ba. Daddawa na ɗauko.

Na sami ƙofar ƙarfen. A tsakar gidan akwai baƙi kamar goma, tsofaffin Turawa da wasu 'yan Asiya masu kyamara. Wata dattijuwa mai farin gashi da makullai a hannu, wadda na ɗauka ita ce mai gidan, ta yi min murmushi ta nuna min in shiga cikinsu. Sai ga ka ka fito daga wata ƙaramar ƙofa, da baƙin gyauton aiki ɗaure a ƙugu, ka yi ƙiba, ka yi fes, har da ɗan gemu. Ashe kai ne mai zagayawa da baƙi.

Duk shirin da na yi a jirgi ya gudu. Na buɗe baki kawai na ce, "Kai bawa! Wa ya ba ka izinin yin ƙiba?"

Ka dube ni. Idonka ya tsaya a kaina daidai tsawon numfashi ɗaya. Sannan ka yi min irin murmushin da ka yi wa sauran, ka ce bonjur, ka ƙara wasu kalmomi da Faransanci, ka nuna min bayan layi.

Wallahi daɗi ne ya kama ni. Na ce a raina, shege, ya rama! Ko da a wace ƙasa ce, in ji shi, ga ta kuwa. Na kama bakina da hannu, na koma bayan layi kamar mutumin kirki. Na ce bari in ga iya inda zai kai.

Ka shige gaba muka bi ka cikin kogon da aka haƙa a jikin tudu. Sanyi kamar an buɗe firiza, bango yana gumi, ganguna kwance dama da hagu har inda ido ya ƙare. Kana magana, kana shafa ganga, kana juyawa daga Faransanci zuwa Turanci, baƙi suna gyaɗa kai. Ban ji ko kalma ɗaya ba amma na fi kowa gyaɗawa. Duk inda ka tsaya sai in matso gaba in harɗe hannu in ce, "Na'am, haka ne, Allah ya ƙara basira." Ko gezau. Na ce kai, yaron nan ya ƙware. A Al Nahda ko kallon ka na yi da gefen ido sai ka fashe.

Da muka iso wurin wani dogon tebur, aka jera kofunan gilashi masu dogon wuya. Aka miƙo min na ɗaga hannu na dafa ƙirji, aka kawo min ruwan inibi wanda bai kwana ba. Na tsaya ina kallon ikon Allah. Mutum ya juya kofi, ya ɗaga shi saitin fitila, ya tura hanci ciki ya lumshe ido kamar mai tuna mamaci, ya kurɓa, ya kurkure baki, ya tofar a bokiti. Dattawa da furfurarsu!

A nan daddawar Gwaggo ta fara aikinta. Kogo rufaffe, ba iska, jaka a kafaɗata. Wani dogon Bature ya shinshina kofinsa, ya yamutsa fuska, ya sake shinshinawa, ya miƙa wa matarsa. Ita ma ta shinshina ta dubi rufi. Wani ya ɗaga kwalbar yana karanta jikinta. Dattijuwar ta fara zagaya ganguna tana jan hanci, tana neman inda abu ya lalace. Ni kuwa cikina har ciwo yake, hawaye na zuba, ina cizon hannun riga. Na dube ka, don na san duk duniya mu biyu kaɗai muka san warin nan, kuma na san ba mahalukin da zai iya riƙe wannan dariyar.

Ba ka yi dariya ba. Gumi na gani a goshinka, a cikin wannan sanyin.

Da muka fito haske dattijuwar ta ja ka gefe. Ta nuna ni da haɓa ta tambaye ka wani abu. Ba na jin yarenku, amma na ga kafaɗunka sun ɗaga, na ga ka buɗe tafukan hannu ka girgiza kai. Wannan ba ya bukatar tafinta. A shagon Alhaji haka muke yi in an tambaye mu kwalin da ba namu ba.

Sannan ka zo ka kama gwiwar hannuna, a hankali, irin kamun da ake yi wa mai tallan da ya shigo inda ba a talla. Ka raka ni har ƙofar ƙarfen. Na bi ka ina murmushi, ina cewa yanzu ne, yanzu zai kwance, daga mun fita zai faɗi ƙasa. Ka buɗe ƙofar. Ba ka dubi fuskata ba. Ka yi ƙasa da murya ka ce, da Hausarka ta Maraɗi da ban ji a kusa ba tun da ka tafi:

"Malam, ka yi haƙuri ka tafi."

Malam.

Ka kira ni ɓarawon ƙosai, ka kira ni kan tulu, ka kira ni abin da ba zan iya rubutawa a nan ba saboda akwai iyaye masu karantawa. Duk na amsa, na mayar maka da ninki. Ban taɓa sanin akwai sunan da zai fito daga bakinka ya hana ni magana ba, sai ranar.

Kuma ka san abin kunyar? Duk da haka ban yarda ba. Na ce wannan shi ne ƙarshen gwaninta, ya kai wasan inda ni ban taɓa kaiwa ba. Na gangara bakin kogi na sami wani benci daidai inda duk mai fitowa daga ƙofarku zai hango ni. Na zauna na ɗora jakar a cinya. Na ma shirya zagin da zan tare ka da shi.

Na ga agwagi sun wuce da 'ya'yansu. Na ga wani tsoho a ƙaramin kwalekwale yana kamun kifi, bai kama komai ba, bai kuma damu ba. Azahar ta yi, na gangara na yi alwala da ruwan koginku, sanyinsa har cikin haƙori, na shimfiɗa ɗankwalin da Gwaggo ta naɗe kayan da shi na yi salla a kan ciyawa. Ina sallama na waiga, don na saba in na idar in tarar ka ɓoye min takalmi. Takalmina yana nan inda na ajiye shi.

Baƙin da muka shiga tare suka fito da kwalabe a jaka, dogon Baturen har ya ɗaga min hannu. Wasu baƙin suka shiga. Na hango ka ka fito tarbar su. Ka kalli wajen kogi, na tabbata ka kalla, na miƙe tsaye da shaddata ruwan toka wadda ba mai irinta a garin gaba ɗaya. Ka juya ka shige da su kogo.

La'asar ta yi, na sake salla. Inuwar gadar ta miƙe ta rufe bencin. A nan ne na tuna ƙa'idarmu, na dubi rana, na ga ta kusa taɓa tudun inibi. Na ɗauki jakata na nufi tasha.

Alhaji ya tambaye ni yaya ɗan'uwan nawa. Na ce yana nan lafiya, aiki ya yi masa yawa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce tun da ya ɗauke ni aiki bai taɓa jin na ba da labari gajere haka ba. Bai ƙara tambaya ba, Allah ya saka masa.

Tun da na dawo nake juya abin. Na ce ko ka gaya musu ba ka da kowa a duniya, sai ga ni na faɗo da hula da daddawa. Na ce ko kana tsoron in dawo in yi ta yayata irin aikin da kake yi. Na ce ko dai kunyata ka ji, ni da ban iya riƙe kofi mai dogon wuya ba. Ban sani ba. Kowanne ne a ciki, akwai abin da ya fi shi ci min rai.

Ido ɗaya za ka ƙifta min. Shi ke nan. Ni fa Sabi'u ne. Da ka ƙifta min ido, da na zama duk abin da kake so a wurin nan. Da na zama attajirin da ya ɓata hanya, da na zama kurma, da na zama mahaukacin da bai taɓa ganin ka ba, in yi shi da kyau har dattijuwar ta ba ka lambar yabo don haƙurin da ka yi da ni. In fita in jira ka a bayan gari inda ba mai ganin mu. Wace ƙarya ce ba mu yi tare ba? Wa ya rantse wa mai gidan haya cewa kai ƙanensa ne da ya zo kwana biyu, har ka yi wata huɗu? Duk rayuwarmu mu biyu muke ciki, duniya tana waje. Ranar nan ka shiga ka rufo ƙofa, ka bar ni tare da duniya.

Jakar tana saman kwabata a Al Nahda. 'Yan ɗaki sun yi ƙorafi har sun gaji, wani ɗan Ghana ya ce ko dai in dafa ko in binne. Na ce amana ce, mai ita bai karɓa ba tukuna.

Gwaggo kuwa ta kira tun ina filin jirgi. Na ce mata na gan ka, ka yi ƙiba, ka yi haske, garinku kamar a zana a faranti. Duk gaskiya ne. Ta ce hular ta zauna? Na ce ai kan ɗan naki kin san shi, sai an ƙara yadi. Ta yi dariya. Ta ce me ka ba ni na ci? Na fara haɗo mata labari, wai ka yanka min agwagwa, wai ka kai ni yawo a kwalekwale. Ni da nake sayar wa Alhazai ƙarya da rana tsaka su saya har su yi godiya, sai ga labarin ya ƙi haɗuwa a bakina. Sai ta ce, "Sabi'u, yau ba ka iya ba." Ta yi min addu'a ta ajiye waya.

Ba ta sake tambayata ba. Ta kira ni sau da yawa tun daga nan, ta tambayi zafi, ta tambayi Alhaji, ta tambayi ko ina cin abinci. Sunanka ne kawai ba ta kawowa, kuma ka san Gwaggo, abin da ba ta faɗa ba shi ne yake cin ta.

Kai ɗan banza. Kai mai ƙafar da ta hana ni numfashi shekara biyu. Na yi fushi da kai irin fushin da ban san ina da shi ba, na tsara maganganun da zan gaya maka waɗanda za su hana ka barci, kuma duk da haka jiya da wani ya zame a kan kwali ya faɗi zaune a gaban shago, kafin in gama dariya hannuna ya riga ya ɗauko waya zai tura maka. Ban san yadda ake cire mutum daga wannan wurin ba. Ba a koya min ba.

Don haka ga abin da na yanke, kuma a gaban jama'a nake faɗa don kada in janye. Na bar maka ƙofa ɗaya a buɗe. Ka kira ni ka ce wasa ne. Ko ba wasa ba ne, ka ce wasa ne. Ka yi dariyar, ko ta dole ce, ba zan bincika ba. Ni kuma zan hau shafin nan in tsaya a gaban duk waɗanda suka ɗauke ni gwani, in ce an yi min abin da ban taɓa yi wa kowa ba, an sa na yi salla biyu a bakin kogi ina gadin daddawa. In ce ka fi ni. In ce musun da muke yi tun muna yara ya ƙare, ni ne bawan, kai ka saye ni, a Faransa. Ka san abin da wannan yake nufi a bakina. Ban taɓa ba wa kowa shi ba.

In kuwa ba za ka iya ba, khalas, shi ke nan, kada ka wahalar da kanka da ni. Amma ka kira Gwaggo. Ita ba taubashiyarka ba ce, ba a yi mata irin wannan.

Allah ya tsare ka a inda kake. Allah ya ba ka abin yi wanda za ka iya nuna wa kowa ba tare da gumi ya keto maka ba. Allah ya sa kada ka taɓa tsayawa a ƙofar wani naka ya dube ka ya ɗaga kafaɗa. Allah ya ja kwanan Gwaggo har ta ga hular nan a kanka. Ya yafe mana, ni da kai, abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Amin.

Wayata tana hannuna, ban kashe ta ba.

Naka, ko ka so ko ka ƙi,
Sabi'u
Al Ras, Dubai